Fulogin da Ba Ya Komawa Maƙera

Ja'afaru maƙerin fari ne a Haɗeja, zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin su tattara nasu ya nasu su tafi. Ba ruwansa da fartanya da gatari, shi nasa awarwaro ne da zobe da battar taba da 'yan kunne. Hannu dai, ma sha Allah, ba a magana. Amma fa mutumin yana da hali guda, tafiyar zuci. Yana zaune gaban wuta, tagulla ta narke tana jiransa, sai ka ga ya saki baki yana bin hayaƙi da ido. Matarsa Safara'u takan ce ita dai da gangar jiki aka ɗaura mata aure, zuciyar tana can bakin kogi.

Kuma ba sharri ta yi masa ba. In damina ta yi nisa, kogi ya cika ya tumbatsa ya shafe fadama, ruwa ya kwanta fari fat har inda ido ya gaji, to can za ka tarar da Ja'afaru da hantsi, ya naɗe ƙafar wando. Bado ya buɗe, kirinjijiya na tashi garke-garke, masunta sun kifa ciki a kan gora suna lilo, kawunan goruba sun leƙo daga cikin ruwa. Shi kuwa yana tsaye yana gina garuruwan da ke bayan ruwan a zuciyarsa, har da launin ƙofofinsu. Mutumin da bai taɓa wuce garin Malam Madori ba fa!

'Yarsa ta fari ita ce Ramatu, ita kaɗai ce kuma ta rayu. To, ka san sha'anin 'yar fari a wurinmu: ba ka kiran sunanta, ba ka zaman hira da ita, ba ka nuna ka damu da ita a gaban mutane. Ja'afaru kuwa ya ɗauki wannan kunya ya kai ta maƙura. In ta kawo masa ruwa, bango yake kallo ya ce, “A ajiye nan.” In ta kwanta zazzaɓi, sai ya yi ta kai-kawo a tsakar gida yana neman awartakin da ke hannunsa. Alhali yana sonta kamar ransa. Ta girma ta ga wanda take so, Isa, mai ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a tashar Birniwa. Ranar da aka tafi da ita, ana guɗa a ƙofar gida, shi yana maƙera yana goge zoben da ya gama tun jiya.

A gidan waya na Haɗeja akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, a ciki akwai allon haɗa magana. Katako ne a tsaye, fuskarsa duk ƙananan ramuka, kowane rami da garinsa ko ofishinsa. A gabansa igiyoyi ne, kowace da kan tagulla kamar ɗan yatsa, shi ake kira fulogi. In an nemi magana, Malam Haladu mai kula da allon sai ya ɗauki fulogi ya soka a ramin da ake so, shi ke nan, mutanen da ke da tafiyar kwanaki a tsakaninsu su kama gaisawa. Sai dai fulogin nan yana da ciwo. Siraran wayoyi biyu ne a cikinsa, an liƙe su da dalma an rufe ruf. Yau a soka, gobe a zare, ga laimar damina, sai wayar ta tsinke daga ciki, magana ta riƙa yankewa. A aika Kano, a yi ta jira, wani lokaci har a manta an aika.

Da Haladu ya gaji, ya sa ɗaya a aljihu ya nufi maƙera. Ja'afaru ya jujjuya shi, ya fasa a hankali, ya narka dalma ya liƙe. Aka gwada, magana ta fito. Shugaban gidan waya, mutum mai kirki amma ba ya wasa da doka, ya yarda duk ranar Alhamis maƙeri ya kawo waɗanda ya gyara, a gwada a gabansa, ya kwashi waɗanda suka lalace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗakin da aka hana kowa taka ƙofarsa, ga Ja'afaru a ciki a kan benci.

Gwaji kuwa sai da magana. Wata Alhamis da azahar Haladu ya soka fulogi, ya roƙi masu allon Malam Madori su haɗa shi da Birniwa, domin layi mai nisa shi ke tona asirin gyara. Ya miƙa wa Ja'afaru kan wayar. Da fari shuu kawai ya ji, kamar iska a gonar shinkafa. Can sai ga murya da gaisuwar Barebari: “Wushe, wushe! Ari ne, akawun tashar Birniwa. Wane ne?” Da Ari ya ji maƙerin Haɗeja ne, ya kwashe da dariya. “Surukin Isa? Ai ga 'yarka nan a bakin taga, ta kawo wa mijinta abinci. Tsaya, tsaya!”

Kafin Ja'afaru ya ce a'a, aikin gama ya gama.

“Baba? Baba, ku ne?”

Ja'afaru ya dubi dama ya dubi hagu, babu ita. Ba fuska, ba ido, ba wanda zai sunkuyar wa kai. Haladu ya juya baya yana kaɗe ƙurar da babu ita. Sai Ja'afaru ya ji bakinsa ya buɗe da kansa: “Ke... kina lafiya? Ruwan garin ya karɓe ki?”

Tun daga ranar, Alhamis ta zama sallarsa. Ramatu ba ta ƙara makara da kwanon Isa ba, Ari kuma ya riƙa miƙa mata waya ta taga. Ta ba shi labarin rairayin Birniwa, da raƙuman da ke sauke kanwa, da yadda jirgin gyaɗa ke girgiza mata tukwane. Shi kuma ya gaya mata inda ruwa ya kai bana, da gonar wanda ya cinye, da tsuntsun da ya gani bai san sunansa ba. Rannan ta yi dariya ta ce, “Ashe Baba kun iya hira!” Ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai, har Safara'u ta tambaya ko lafiya. Abin mamaki, in Ramatu ta zo ganin gida da rani ta kawo masa ruwa, sai ya sake kallon bango ya ce, “A ajiye nan.” Ita kuma ta ajiye, tana ɓoye dariya a mayafi. Su biyun sun san maganarsu ba ta tsakar gida ba ce, ta waya ce.

A hanyarsa ta komawa yakan tsaya ya ɗaga kai ya bi wayar da ido, daga sanda zuwa sanda, har ta ɓace a bayan ruwa. Yakan ga kamar muryarsa tana tafe a kanta a hankali, ta wuce kan masunta, ta wuce shanun da aka kora tudu, ta huta a Malam Madori ta sha ruwa, sannan ta ƙarasa.

Ana nan, ana nan, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari ya zaci hayaƙin maƙera ne ya ƙi fita. Ya fita waje, hayaƙin ya biyo shi. Wayoyin fulogi kuwa sirara ne kamar gashi, ɗigon dalma kuma in ya kauce kaɗan sai ya haɗe su biyun, aiki ya ɓaci. Ya ƙona yatsa, ya sake ƙonawa. Wata Alhamis aka soka gyaransa, shiru. Haladu ya ce, “Ba komai, Baba Maƙeri, kowa ma yana kuskure.” Amma Ja'afaru ya san abin da ke tafe. In aka gane idonsa ya tafi, za a koma aikawa Kano, a rufe masa ƙofar ɗakin, kuma a duk faɗin duniya ba shi da wani wurin da zai iya magana da 'yarsa. Bai gaya wa kowa ba. Safara'u ce kaɗai ta gane, ranar da ta ga yana zuba ruwa a gefen buta.

Ya zauna kwana da kwanaki bai hura wuta ba. Yana riƙe da wata battar taba da ya ƙera, yana murɗa murfin yana buɗewa, zuciya ta yi gaba. Can sai ya tsaya. Ai wannan murfin ba da ido yake rufe shi ba! To me ya sa fulogi sai da wuta, sai da dalma, sai da ido?

Ya hura wuta. Ya yi tsinin daban, gangar jikin daban, murfin daban. Tsakanin tsini da jiki ya sa ɗan zoben ƙahon saniya, don Haladu ya taɓa gaya masa wayoyin biyu ba a son su taɓa juna. A ciki ya fafe kwarmi biyu, dogo da gajere, doguwar waya ta kwanta a dogo, gajera a gajere, ko ka so ka juya su ba za su shiga ba. A kan kowane kwarmi ya sa ɗan harshen tagulla, in an murɗa murfi harshen ya danne wayar gam. Ya lalata tagulla ba kaɗan ba kafin abin ya zauna. Da ya zauna, ya rufe ido ya kwance ya haɗa, ya sake kwancewa ya haɗa. Ya yi 'yar dariya, don rufe idon da buɗe shi sun kusa zama ɗaya.

Safara'u tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Ta ce, “Malam, ni ba ƙira na iya ba, amma a gidan maƙera na tsufa. 'Yan'uwanka masu baƙin ƙarfe, in fartanya ba ta dawowa koɗa, wa zai ƙara leƙo su? Abin da mutum zai gyara da lalube, ai mai ido ma...”

“Ni dai in kai Alhamis,” in ji shi.

Kai, Ja'afaru! Abin da kowane maƙeri ya sha a nono, cewa aikin da ke dawowa shi ke riƙe da ƙofa a buɗe, shi ne tsoro ya mantar da shi. Garin neman gira ake rasa ido. Ya riƙa kai sababbin ɗaya-ɗaya, ana cire tsofaffin, kuma magana ta riƙa fita tas.

Wata Litinin igiya ta tsinke a hannun Haladu ana tsakar aiki. Ya murɗa murfin don ya gani kawai. Ya ga kwarmi, ya ga harshe, ya yanke bakin wayar ya kwantar ya murɗa. Kafin goron da ke bakinsa ya ƙare, magana ta dawo. Murna ta kwashe shi, ya ruga ya nuna wa shugaba irin hikimar abokinsa. Shugaba ya kwance ya haɗa da hannunsa, ya jinjina kai ya yaba ƙwarai. Sannan ya ce to alhamdu lillahi, da an canza na ƙarshe, ba sai an ƙara wahalar da dattijo ba, kuma ɗaki ya koma kan dokarsa.

Da la'asar Haladu ya zo maƙera, ya tsuguna ya kasa haɗa ido da shi. “Baba Maƙeri, na yi ɓaranɓarama. Yabonka na je yi, wallahi, yabonka.” Ya faɗi yadda aka yi. Haladu ya rage murya ya ce, “Saura fulogi ɗaya. Ka sa masa ɗan ciwo mana, yadda zai riƙa dawowa.”

Ja'afaru ya gwada fa, ba zan ɓoye ba. Ya ɗauki magagari zai rage harshen tagullar yadda zai riƙa saki. Ya ɗora, ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Sai ya tuna ba shi kaɗai ke da wani a bayan ruwa ba, wata rana ta wannan fulogin za a nemi likita. Ya ajiye magagarin ya goge fulogin har ya yi santsi.

Ranar Alhamis ya tafi yana bin katangu da kafaɗa. Haladu ya soka, Malam Madori ta ba da Birniwa, Ari ya yi wushe-wushensa ya miƙa ta taga. Ko shuu ɗin nan babu. Ja'afaru ya ji numfashinta, ya ji murfin kwano yana motsi a hannunta, ya ji wata akuya tana kuka can bayan tasha.

“Baba, yau kamar kuna tsaye a gabana! Me kuka yi wa wayar?”

“Gyara ne kawai.”

Ya zo da maganganu cike da ciki, na ido, na ɗaki, da wasu da ya daɗe yana ajiya tun tana goye. Ba ɗaya da ta fito. Sai ya ba ta labarin ruwa, ya ce bana ya cika har gindin tsamiyar masaƙa, bado ya yi fari ko'ina, alhali shi bana bai ga ko ɗaya ba. Ta saurara har ya gama.

“To Baba, ga jirgi can ya taso. Sai Alhamis mai zuwa.”

“Allah ya kai mu,” in ji shi. “Allah ya yi miki albarka.”

Haladu ya zare fulogin a hankali. Ja'afaru ya ajiye kan wayar ya miƙe, ya juya nan, ya juya can, ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Sannan ya miƙa hannu.

“Haladu, kama ni ka kai ni bakin ƙofa. Ba na ganinta.”