Mutanen da Ke Ƙunshe Nama a Cikin Rubutu

Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa ƙasa, ya watsa bayinsa har inda ba mu da labari, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu. Abin da zan ba da labarinsa wata gonar shinkafa ce da na taɓa mallaka a fadamar bakin gulbi, da yadda mutanen wata ƙasa da ba su san ina duniya ba suka raba ni da rabinta.

A lokacin ina zaune a Ƙofar Marke, cikin birnin Sakkwato, sana'ata juyar littattafai da hannu. Mutum ya aro littafi ya kawo mini, in rubuta masa nasa. Takarda kuwa sai ta ƙetaro sahara a bayan raƙumi kafin ta iso hannuna, saboda haka ko gefen shafi ba na barin ya tafi a banza. Al'adar da muka taras ita ce, in ka ga guntuwar takarda mai rubutu a ƙasa, ko ba ka iya karatu ba, sai ka sunkuya ka ɗauka, ka kaɗe ta, ka soke a tsaguwar katanga, don ba ka sani ba ko sunan Allah na ciki.

Gonar gado ce daga mahaifina. Iyakarta da ta maƙwabci layin gamba ne da wata giyayya. Wata damina gulbi ya yi ambaliya ya tafi da su duka. Da ruwa ya janye sai maƙwabcin, wani mai sayar da hatsi a kasuwa, ya riga ni shiga da barorinsa, ya shuka har tsakiyar abin da na sani nawa ne, kuma ɓangaren da ya fi laka ya zaɓa. Na yi masa magana, ya ce shi ma a nan ya ga ubansa na tsayawa. Dattawan da suka halarci kafa iyakar duk sun rasu, sai mutum guda, kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya tafi aikin hajji a ƙasa tun ina saurayi, har aka daina tambayar ayari labarinsa.

Cikin ikon Allah, a kakar wannan shekarar Kawu ya dawo, ya rame, gemunsa ya yi fari, amma hankalinsa garau. Bayan an gama zuwa yi masa barka da sauka na kai shi fadama. Bai yi wata-wata ba ya taka har inda giyayyar take a da, ya nuna mini saitinta da wani tudun gara da ruwa bai ci ba. Na koma gida ina hamdala. A shari'ar dukiya, shaida guda adali da rantsuwar mai ƙara sun isa. Ga shi kuma shaidar tawa alhaji ne, sabon dawowa. Na kai ƙara gun alƙali, aka sa mana rana bayan sallar layya.

Da Kawu ya yi shiru zuwa wannan rana, da yanzu jikokina na cin shinkafar wurin.

Kullum bayan la'asar zaurensa kan cika da masu son jin labarin hanya. Ya ba su na Makka da Madina, suka yi kuka. Da wannan ya ƙare sai ya shiga na wani mutum da suka zauna masauki ɗaya a Makka, musulmi, mai raƙuma, daga duwatsun da ke bayan ƙasar Hindu. Nasara sun ɗauke shi da raƙumansa a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa can kudu da teku, ya yi shekaru yana yi musu dakon kaya a cikin hamadarsu. Sunan ƙasar, yadda Kawu ya riƙe shi, Ostiraliya.

Mutanen zauren ba masu gardama ba ne. Kawu ya ce a can akwai dabba mai tsalle da ƙafa biyu, tana ɗauke da ɗanta a cikin jaka a gaban cikinta. Suka ce Allah mai halitta. Ya ce lokacin da sanyi ke kama mutanen Makka, su zafi ke gasa su. Suka ce iko sai Allah. Ya ce mutum guda kan mallaki tumakin da suka fi na Sakkwato duka, kuma ba don nama ba, don gashi. Wani mahauci ya girgiza kai ya ce asara dai ba ta da ƙasa. Ya ce sarautarsu na hannun wata mace a wani tsibiri mai nisa, yawancinsu ba su taɓa ganinta ba, kuma hakimansu talakawa ne ke zaɓen abinsu, in sun gaji da mutum su sauke shi. Nan aka dubi ƙofa, sannan aka yarda cewa kafirci ba abin da ba ya sawa.

Wani tsoho ya tambaya, “To, Alhaji, mi sunka ce game da Sarkin Musulmi?”

Kawu ya ce, “Na tambayi mai raƙuman. Yac ce, wane ne shi?”

Wannan ma an haɗiye shi, da ƙyar. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne zancen takarda. Kawu ya ce mutanen can kowace safiya ana buga musu labarin gari a manyan takardu: ruwan da aka yi, kuɗin gashin tumaki, dokin wane ya tsere wa na wane, rumfar wa ta ƙone, hakimin da ya yi wauta. Kowa ya saya ya karanta, ya yi tsaki, ya ce duniya ta lalace. Washegari takardar ta zama tsohon kaya, sai a ƙunshe nama ko kifi a ciki, ko a hura wuta.

Wani baduku, wanda kowa ya san ya taɓa yin ciniki a kasuwar aljanu a bakin gulbi kuma ba wanda ya taɓa musanta masa, ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, “Alhaji, a bar wa tafiya mutuncinta.” Ya fita.

Kafin mako ya kewayo, yaran unguwa na kiran Kawu Alhaji Mai Ƙunshin Nama. Na ga mai hatsi da kansa a zauren, ya kawo goro, ya zauna gaba-gaba, yana roƙon a maimaita masa wurin takardar. Ya zo kuma da mutum biyu masu kunne.

Na sami Kawu da hantsi yana gyaran tasbaharsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Kawu, zancen ƙasar nan, a jingine shi har a gama shari'a.”

“Malam mai alƙalami, kai ma ba ka yarda ba ke nan.”

Gaskiya ban yarda ba. Na san wahalar shafi guda. Amma na ce, “Ba yardata ake nema ba, Kawu. In alƙali ya tambaye ka, ka ce labari ne ka ji, Allah ne masani. Ba ƙarya a cikin wannan.”

“Allah shi ne masani, wanga ba shakka. Amma mutumin nan kwano ɗaya munka ci wata da watanni. Da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya ɗauke ni a baya ya yi ɗawafi da ni. Yanzu don laka in mai da shi maƙaryaci?”

“Ba ya nan, Kawu. Ba zai ji ba.”

“Ni ina nan,” in ji shi, ya ci gaba da zura zare.

Ranar shari'a na faɗi ƙarata, mai hatsi ya musa, aka kira Kawu. Ya ba da shaida tsaf, ya ambaci giyayya, ya ambaci tudun gara, har da wanda ya riƙe igiyar awo a ranar. Alƙali, dattijo mai sanyin murya wanda ni na juya masa wasu littattafansa, ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga mai hatsi kamar yadda shari'a ta tanada, ya tambaye shi ko yana da suka a kan shaidar.

“Allah ya gafarta Malam, ni ban isa in soki alhaji ba. Sai dai a tambaye shi abin da ake ƙunshe nama da shi a ƙasar abokinsa.”

Mutanensa biyu suka tabbatar da abin da suka ji. Alƙali ya sa Kawu ya maimaita labarin tun daga farko, ya saurara da natsuwa. Dabba mai jaka, ya ce halittun Allah ba su ƙidayuwa. Juyawar sanyi da zafi, ya ce masana taurari sun yi ishara da irin haka. Mulkin mace, ya ce an taɓa yi tun zamanin annabawa. Zuciyata ta fara kwanciya.

Sai alƙali ya ce, “Saura takarda. Alhaji, wa ke rubuta musu wannan duka kafin gari ya waye?”

“Ƙarfe ne ke bugawa, Allah ya gafarta Malam. Na ga littattafai irin haka a Makka.”

“Na ji labarinsu. Amma wancan ilmi ne. Me ke faruwa kowace rana a gari da ya cancanci tawada?”

“Ruwan sama, da tsadar kaya, da tseren dawaki.”

“Zancen bakin kasuwa ke nan.”

“Shi ne, Allah ya gafarta Malam.”

“Ka gani da idonka?”

“Ban gani ba. Ji na yi.”

“Ka gaskata?”

Na kafa wa Kawu ido har sai da idona ya yi ruwa. Bai dube ni ba.

“Na gaskata.”

Alƙali ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce jama'a su shaida, wannan bawan Allah ba maƙaryaci ba ne, abin da ya ji ya faɗa, kuma duk wanda ya sake yi masa laƙabi zai gamu da shi. Sai dai shari'a ba gaskiya kaɗai take nema ga shaida ba, tana neman wanda ba a ruɗarsa da sauƙi. Mutumin da za a ce wa akwai al'umma mai hankali, mai gina jiragen ruwa, da ke rubuta hirar kasuwa da safe ta ƙunshe nama da ita da yamma, ya kuma amince, to ana iya nuna masa iyakar gona a inda ba nan take ba ya amince. Ya ajiye shaidar cikin girmamawa. Da ba ni da wata, rantsuwa ta koma kan mai hatsi, ya yi alwala ya rantse ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

A hanyar gida Kawu na gaba ina biye, tafiyarsa har da ɗan sauri.

“Ka dai ji da kunnenka,” in ji shi. “Gaban jama'a yac ce ni ba maƙaryaci ba ne.”

“Na ji, Kawu.”

“To, ka saki fuska. Su ma mutanen can, mai raƙuma ya ce, rabin abin da ke cikin takardunsu rigimar iyakar gona ce.”

Rabin da ya rage mini tudu ne, sai shekarar da ruwa ya yi yawa yake ba da abin kirki. Tun daga lokacin cikon shinkafar gidana a rumfar mai hatsi nake saye, kuma in faɗi gaskiyarsa, yakan cika mini mudu har ya yi tozo, ya ce in gai da Alhaji. Kawu ya rayu shekaru bayan haka, zaurensa bai daina cika ba, ya rasu bai janye ko kalma ɗaya ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mai raƙuma in ya riga mu.

Har yau ban san ko akwai waɗannan mutane ba. In akwai su, ba su san sun ci mini gona ba. Wannan kuwa na rubuta shi ne a ragowar takardun da suka saura daga aikin mutane, kuma na duba na ga ba komai a ciki sai ambaliya da shinkafa da rigimar maƙwabta. Amma sunan Allah na farkonsa, saboda haka wanda ya tsince shi a ƙasa ya soke shi a katanga.