Ƙarfen da Kaka ya kwance daga tankar Jamus

Kakana na wajen uwa ya yi wa Faransa yaƙin Jamus, ya dawo Filinge da kunne ɗaya mai ji da wani ɗan ƙarfe lanƙwasasshe, bai fi tafin hannu ba. Ya ce daga jikin tankar yaƙi ya kwance shi. Amfaninsa kuwa, bai taɓa faɗa ba, sai mutane suka faɗa masa. Maƙerin unguwa ya ce kunamar bindiga ce. Matan gidanmu suka yanke cewa abin da ya rayu a jikin tanka harsashi ba ya cin sa, saboda haka maganin bindiga ne. Har daga Bonkuku ake zuwa aro.

Shekarar da aka ɗauke ni soja, zamanin mulkin soja, Inna ta daina cin abinci sosai. Ni kaɗai ne ɗanta namiji. Ta jiƙa ƙarfen a ƙwarya, kullum da safe in sha ruwan tsatsa, tana tsaye a kaina har in shanye. Ban san ko yana tare harsashi ba, amma ya tare mini cin tuwo.

Ana gobe tafiya na sami Kaka a gindin bishiyar bedi, na ce, “Tsoho, tsakaninka da Allah, mi wanga ƙarhe ka yi ga tanka?”

Ya duba hagu da dama. “Bokiti suka ratayawa.”

“Bokiti?”

“Na wanke-wanke. Kuma masu tankar cikinta sunka ƙone, ƙarhen na nan lahiya lau.”

Raina ya ɓaci, na ce zan gaya wa Inna. Ya ce, “Hwaɗa mata. Sannan ka ba ta abin da za ta riƙe in ka tahi.”

Ba ni da abin ba ta. Da safe na shanye ƙwaryar, har na nemi ƙari. Inna ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun ranar da aka kira sunana.

A tasha Kaka ya karɓi jakata, wai zai gyara mini ɗauri. Sai da muka wuce Damana na laluba, na ji ƙarfen a ƙasan kaya, an naɗe shi cikin tsohuwar hularsa.