Takardar da Am Fikri Bai Rubuta Ba

Shekara talatin da takwas Am Fikri yana zama a gefen ƙofar kotu a birnin Tanta, da ɗan teburinsa da laima mai faci, yana rubuta wa mutane takardun koke. Wanda aka cinye wa gona, wadda miji ya gudu ya bar ta da yara, duk wurinsa suke zuwa. Sirrin sana'arsa ɗaya ne: ka ƙasƙantar da mai koke a takarda har sai ma'aikaci ya ji kunyar ture ta gefe. Ya fi kowa iyawa a layin masu rubuta koke, kuma ba ya jiran wani ya faɗa masa.

Dama shi ko a zaune yake ƙafarsa ba ta hutawa. A makon nan abin ya ƙaru. Jikarsa Tasnim, wadda ya rena tun rasuwar iyayenta tana shekara huɗu, tana neman gurbin karatun injiniyan ruwa a wata jami'ar ƙasar waje. An ce ta rubuta labarin kanta, kalma ɗari shida, kafin Alhamis, in ba haka ba sai baɗi. Kwana goma tana rubutawa tana yagawa.

Ran Litinin haƙurinsa ya ƙare. Ya sallami mutum biyu da ke jiransa, ya cika shafi uku, ya naɗe laima tun kafin azahar ya nufi gida.

"Ungo, 'yata. Juya shi Turanci kawai. Shugaban makarantar nan ko dutse ne sai ya yi hawaye."

Ta ture kwanon wake gefe ta fara karantawa da ƙarfi, tana dariya.

"Jiddu," ta ce, don haka take kiran kakan nata, "layi tara kana gaishe su. Kalmomina za su ƙare ban shigo ba."

"Haka ake shiga wurin manya."

"Ba roƙo suka ce in yi ba. Malamarmu ta ce mutum ya ɗauki abu ɗaya da ya same shi, ya faɗe shi yadda ya faru."

"Malamar taku, shari'a nawa ta taɓa ci?"

Ta ci gaba da karatu, sai dariyar ta ɗauke. Ta maimaita wani layi a hankali: "Marainiya ce, ba ta da kowa a duniya sai Allah sai ku." Ta ɗago ta dube shi.

"Ba ni da kowa, Jiddu? To wa ya je wurin maƙwabciya ya koyi kitso saboda ni?"

Layin nan ya rubuta shi ya fi sau dubu, hannunsa ne ya zuba shi bai ko sani ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba a gaban kowane alƙali.

Washegari bai fita ba. Ya haɗa shayi, ya zaunar da ita, ya yi mata tambayar da yake yi wa kowa kafin ya taɓa biro: "Bar abin da kike nema tukuna. Me ya faru?"

Ta ba shi labarin bazarar da famfo ya ƙafe a unguwarsu, gwiwarsa ta hana shi hawa bene, ita take ɗauko jarkar ruwa har hawa na biyar, har ta gaji ta haɗa igiya da tsohuwar tayar keke a baranda tana jawo ruwa sama. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin.

"Shi ne wannan," in ji shi. "Rubuta. Ni ba zan sa hannu ba." Ya wuni yana kai da komo tsakanin baranda da ƙofa, yana leƙenta tana korarsa.

Ran Laraba ta fassara masa abin da ta rubuta. Babu gaisuwar manya, babu roƙo ko ɗaya. Ya saurara da biro a hannu yana neman inda zai gyara, har ta kai ƙarshe bai samu ba. Am Fikri ya san takardar da za ta wuce tun daga layin farko. Sai a lokacin ya gane ba tsoron su ƙi ta ne ya hana shi zama duk makon ba, tsoron tafiyarta ne.

"Ya ka gani, Jiddu?"

"Za su ɗauke ki," ya ce. Ya kwashe kofunan shayin da bai sha ba ya shige kicin, ya daɗe bai fito ba.