Akuyar da Kawu Ya Yanka a Tsibiri

A shekarun da kuɗin mai suka cika Najeriya ina aikin karanta labarai a rediyo a Landan, ina haya a Camberwell. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda kwangilar siminti ta ɗaga, ya zo ganin likita. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau, hutu kawai yake buƙata. Ba a jima ba ya dawo daga cikin gari da tikiti biyu na wani jirgin ruwa mai zagaya tsibiran gabashin Indonesiya da masu kallon namun daji.

"Shirya, ɗan rediyo," in ji shi. "Kai ne bakina, tunda Turancina na sayen takalmi ne."

Ta sama muka je, muka hau jirgin ruwan a can. An nuna mana tsuntsaye da kifaye iri-iri, Kawu bai ko ɗaga kai ba. Sai ranar da aka sauke mu a wani tsibiri mai busasshiyar ciyawa, inda ake samun wata irin guza da ta fi mutum tsawo. Masu yi mana jagora suna riƙe da dogayen sanduna masu gwafa, ɗayansu yana jan akuya. Suka ɗaure ta a gindin bishiya cikin wani kwari, suka tsayar da mu a bisa gaɓa. Turawa suka gyara kyamarori.

Guza uku suka fito suna zaro harshe. Babbar ta kama akuyar a cinya ta fizga, fata ta tsage har ciki, hanji ya zubo ƙasa. Akuyar tana tsaye da ƙafa uku tana kuka kamar jariri.

"Ba za su yanka ta ba?" in ji Kawu.

"Haka suke yi, Kawu. Kallon ke nan."

"Ta zama mushe a gabanmu, ga Musulmi har biyu a tsaye?"

Kawu a gidan kiwo ya taso, inda duk dabbar da ta faɗi ake rugawa da wuƙa kafin ranta ya fita. Ko a Landan da 'yar wuƙarsa yake yawo a aljihu. Kafin in riƙe shi ya tattare riga ya gangara. Ya danne akuyar da gwiwa, ya juya wuyanta, na ji bisimillarsa, jini ya feso masa a ƙirji.

Ƙaramar guzar ce ta zo ta bayansa. Ta cafke shi a ƙwauri, ta riƙa girgiza kai yadda kare ke yi da tsumma. Jagororin suka dira, suna danne wuyanta da gwafa, suna dukan hancinta, har ta saki. Na ga farin ƙashi. Na ɗaure masa cinya da bel ɗina, aka ɗauke shi zuwa jirgi. Likitan jirgin ya ɗinke abin da ya ɗinku, amma kafin mu kai garin da ke da filin jirgin sama ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, ɗakinmu yana wari.

Da muka koma Landan, a babban asibitin da ke kusa da gidana aka yanke ta, ƙasa da gwiwa. Da ya farfaɗo ya daɗe yana duban inda bargo ya kwanta a kan katifa. Sannan ya tambaye ni ko na ga akuyar ta shura bayan ya sa mata wuƙa. Na ce na gani, ta shura, da ƙarfi ma.

"To, ta yanku," in ji shi, ya ce in miƙo masa ruwa.