Akwatin da Sammani Ya Haɗa wa Muhsina

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu na 2025, ina bakin kanal ina ban ruwa, Nicholas mai gyaran injin ruwa ya tsayar da babur ɗinsa ya ce mini ka cika da hantsi a asibiti a Kano. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ban yi mamaki ba, Sammani, domin na ga yadda tari ya mayar da kai. Abin da na ji a raina ɓacin rai ne, kuma har yau da nake wannan rubutu bai sauka ba.

Yaran Kura na yanzu sun san ka a matsayin dattijon da ke ɗura buhu a injin casar shinkafa, wanda sai an ɗaga murya yake amsa sallama. Ba su san cewa akwai lokacin da duk mai son jin kiɗa daga nan har Bunkure sai ya zo rumfarka ba. Kai ke haɗa wufa, akwatin nan da ke fitar da ƙasan sauti, mai sa a ji ganga kamar a cikin ɗakin ake kaɗa ta. Nicholas ya kan samo maka sifikun tsofaffin motoci, kai kuma ka yanka katako, ka liƙe, ka cusa audugar tsohuwar katifa a ciki.

Ba ka taɓa haɗa wa mutum akwati ba ka ga ɗakinsa ba. Ni da na zo neman nawa, sai da ka bi ni gida, ka tsaya tsakar ɗaki kana tafa hannu kana karkata kai, har matata ta leƙo ta tambaye ni ko lafiyarka ƙalau. Ka ce ɗakin ƙasa daban yake amsawa da na siminti, kuma rufin kwano maƙaryaci ne. Da ka gama aikin, ka watsa ƙwayoyin shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a saman akwatin, ka ƙure sauti. Suka yi tsalle, ni ina murna, kai kuwa ka ɗaure fuska ka kwance shi gaba ɗaya. Wai akwatin kirki ba ya rawa, iskar ɗaki yake sawa ta yi. Sai da ƙwayar ta zauna shiru a kansa sannan ka yarda na ɗauka. Yana nan yana aiki, ya ga haihuwar 'ya'yana duka.

Mutane nawa ka gyara wa rediyo ka ce su bar shi kawai? Cocin su Nicholas, da sifikarsu ta mutu ana gobe Kirsimeti, kai ka bar girbin tumatirinka ka je ka tayar da ita. Masu turara shinkafa kuwa, kai ka haɗa musu ƙaramin akwati don su riƙa jin rediyo a bakin tukunya.

Sai ga na kanti sun shigo daga Kano, na roba, masu fitilu ja da shuɗi suna walƙiya. Ban ce kada kowa ya saya ba, kowa da abin da yake so. Abin da ya ci mini rai shi ne yadda mutanen da suka yi rawar aurensu da akwatinka suka koma yi maka dariya, suna kiran aikinka akurkin kaji. Na kantin ya yi wata biyu ya fara kukan kwaɗo, su kawo maka gyara ba kunya, kai kuma ka karɓa. Da aiki ya ɗauke, ka rufe rumfa ka shiga injin casa. Ƙura ta ci ƙirjinka, ƙarar inji ta ci kunnenka. Mutumin da ke gane ɓarakar akwati daga ƙofar gida ya koma kallon leɓe kafin ya gane magana.

Da aka sa ranar auren 'yarka Muhsina, ka ce mini ba ka da gadon zamani ko firji da za ka ba ta, amma za ka haɗa mata abin da babu amaryar da ta taɓa samu. Ka je Dawakin Kudu ka duba ɗakin da za ta zauna. Kunne ya riga ya tafi, saboda haka da tafin hannu ka daidaita shi, kana dafa katakon, kana jingina ƙirji. Na tarar da kai a haka, kana tari, ka ja hannuna ka ɗora a kai.

Ka ce, "Ka ji ko, Hambali? Wannan ba sai da kunne ba. Ko ba na nan, in ta kunna za ta ji ni a ƙirjinta."

Ranar jere, bayan ƙaramar Sallah, da kanka ka ɗora shi a motar kayan ɗaki. Yayarka Hajiya Baraka, wadda ke jagorantar matan, ta sa aka sauke. Ta ce ba za ta kai katakon da ko fenti mai ƙyalli babu gidan surukai a yi da su ba, ai ta riga ta sayo mai fitila. A gaban mutane ta faɗa, da ƙarfi, don ta san ba ka ji sosai. Ka cire sifikar ka ba Nicholas ajiya, ka jingina akwatin a bayan rumbu. Muhsina tana cikin lulluɓi a ɗaka, ba wanda ya gaya mata.

Sai ranar addu'ar uku ta ji labarin daga bakin mahaifiyarta, Zuliha. Ta aiko aka kira ni zaure, idanunta sun kumbura.

Ta ce, "Baba Hambali, ina akwatina? Yau zan tafi da shi, kowa ya faɗi abin da zai faɗa."

Muka zagaya bayan rumbu, babu shi. Muka tambaya. Ashe matan da ke dafa abincin masu zaman makoki itace ya yanke musu, suka ga katako a yashe, suka faskara. Abin da muka tarar a bakin murhu guntun gefe ne, audugar da ke manne da shi ta ƙone rabi. Shi Muhsina ta ɗauka ta naɗe a mayafinta.

Ku da kuka cika tabarmi a ranar kuna cewa an yi rashin mai fasaha, ku sani shinkafar da kuka ci da aikinsa na ƙarshe aka dafa ta. Ni ban iya ci ba.

Allah ya jiƙanka, Sammani, ya yafe kurakuranka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zuliha da ƙannen Muhsina, da Nicholas wanda har yanzu ya rasa yadda zai yi da sifikar da ka bar masa, da Hajiya Baraka ma, domin ƙaninta ne ta rasa. Ke kuma Muhsina, Allah ya ba ki haƙurin da mu muka kasa samu. Mahaifinki ya gama miki aikinki, 'yata, mu ne ba mu kai miki ba.