Ƙararrawar Bajamushe da Tarin Ladaninmu

Da aka rushe unguwarmu Karantina muka koma unguwar Madain Fahd, kakata ta daina cin abinci. Sitti muke ce mata. A Karantina aka haife ta, babanta da ƙafa ya zo hajji bai koma ba. Sabon gidan ba laifi, amma sai ta zauna ta zuba wa bango ido, ta tsakuri tuwo ta ce halas, wato ya ishe ta. Kullum zaninta ƙara yi mata yawa yake.

Lokacin ina dako a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Akwai wani tsohon Bajamushe mai gyaran injin sanyi na kwantena. Turancina na bakin titi ne, shi kuma Larabcinsa kamar motar da mai ya ƙare mata, amma a haka muke hira. Ba shi da zance sai garinsu, mai sunan da sai ka shaƙe kafin ka faɗa. Wai da gishiri suka yi arziki, yaƙi ya ƙone garin suka sake ginawa. Nakan ce masa, ya ammi, wato baffa, garin da bai kai layinmu biyu ba, ina ya samo wannan dogon tarihi?

Ranar da na ba shi labarin Sitti bai yi dariya ba. Ya ce ai garin nan babu shi yanzu. Kwal aka gano a ƙarƙashinsa, aka tashe su, aka gina musu sabo da sunan tsohon. Mahaifiyarsa ta kwanta ta ƙi ci, sai da aka ɗauko ƙararrawar tsohon cocinsu aka rataya a sabon. Ranar da ta ji ta, ta nemi burodi.

Mu dai ba mu da ƙararrawa. Ina hanyar gida na tuna ladanin masallacin layinmu, tsohon da ba ya kiran salla sai ya ƙwanƙwasa lasifika ya yi tari duk unguwa ta ji. Muna yara har kwaikwayonsa muke yi.

Na sha yawo kafin na same shi wajen ɗansa. Na ce, Baba, yalla, taso, aiki ya samu. La'asar ta same mu a gida. Ya tsaya bakin ɗakin Sitti, da yake ba lasifika sai ya ƙwanƙwasa ƙyaure, ya yi tarin nan nasa, ya kira salla.

Sitti ta juyo a hankali. Sai da ya gama ta yi addu'a, sannan ta ce:

"Malam, har yanzu ba ka nemi maganin tarin nan ba?"

"Hajiya, in na warke wa zai gane ni?"

Bayan salla ta hau mu da faɗa, wai mun bar baƙo da yunwa. Aka zuba masa, aka zuba mata. Ta cinye nata tas, ta ce miyar ba gishiri.

Washegari na gaya wa Bajamushe, na ce tamu ƙararrawar, wato ladan, har ƙarin tuwo ta nema. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da gefen rigarsa.