Shinkafar Iya da Wutar Baba

Na taɓa zama gaban tukunyar ɗanyar shinkafa ina yi mata tatsuniya. Ba wuta a ƙarƙashinta, ba ruwa a cikinta. Na yi mata ta kura, na ƙara da wata da na ƙirƙira nan take, sannan na buɗe murfi na damƙo na watsa a baki. Haƙorina na gaba, wanda da ma yake rawa, a nan ya yi sallama da ni. Ƙanwata Rabi ta yi dariya har sai da aka ɗauke ta daga ƙasa.

Amma Iya ce ta ja mini. Iya kakata ce ta wajen uba, kuma a ƙauyenmu da ke kusa da Rurum ba wanda ya kai ta iya gumi, wato turara shinkafa kafin a kai ta inji. Takan jiƙa shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓuntunta, ta kwana ta wuni a ruwa. Bayan magariba sai a ɗora rabin duro a kan manyan duwatsu a tsakar gida, ta zuba ruwa ɗan kaɗan a gindinsa, a juye shinkafar a kai, a rufe da tsoffin buhunan algarara. Da yamma take yi, don ta ce shinkafar da ta kwana tana shan iska a rumfa kafin ta ga rana ba ta karyewa a inji.

Iya ba ta da agogo. Da ta ji ruwan ya fara magana a gindin duron, sai ta gyara zama a kan kujerarta 'yar tsugunno ta ce, "Ku miƙo kunnuwa in zuba muku. Mai hujajjen kunne ya matsa baya." Mu kuma mu ce mun miƙo. Tatsuniya doguwa ɗaya ko gajeru biyu, shi ne ma'auninta. Tana rufe baki za ta sa muciya ta ɗaga gefen buhu, ka ga kowace ƙwaya ta buɗe ɓuntunta kamar tana murmushi. To ka gaya mini, yaron da ya taso yana ganin haka, me zai hana shi zaton tatsuniyar ce ke dafawa?

Ni "Maigida" take kira na, wasan kaka da jika, ko da yake kullum tana ƙarawa da cewa ba ta taɓa ganin maigidan da ko gishiri bai taɓa saya ba. Babanmu kuwa ɗan farinta ne. Saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In suna zaune tabarma ɗaya ma, sai ta juyo wajena ta ce, "Gaya wa wancan tuwonsa na hucewa." Shi ma sai ya ce, "Ka ce mata na ji." Na yi wannan aikin aike tun ina rarrafe, ba a taɓa biya na ko da alewa ba.

Shekarar da nake ba da labari, tsuntsayen jan-baki ne suka sauka a fadamarmu. Mun kaɗa gwangwani, mun yi ihu har muryata ta koma ta tsohon zakara, amma sun ci sun ƙoshi sun bar mana godiya. Abin da Baba ya iya tsira da shi bai wuce cikin duron nan sau ɗaya ba. Umma tana ɗaki tana jego. Wannan shinkafar ita ce abin da gidan zai jingina da shi.

An jiƙa ta, ta sha ruwa, har ta fara ɗan tsami. In ba a turara ta a yammacin nan ba, ta lalace. Iya ta hura wutarta yadda ta saba, itace uku, harshen wutar yana lasar gindin duron a hankali. Ni da Rabi muka baje a tabarma. Ruwan ya fara ƙur-ƙur ɗinsa ke nan sai iska ta juya. Muka ɗaga kai. Daga gabas, ta wajen Kibiya, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, irin na ƙarshen damina da ke zuwa ba sallama. Walƙiya ta haska tsakar gidan har na ga kajin da ke kan katanga.

Kowa ya san abin da ke nan. Duron ya fi ƙarfin a ɗaga shi da zafinsa. In ruwa ya sauko ya kashe wutar shinkafar tana rabin turaruwa, ba ta zama gumi ba, ba ta koma shanshera ba.

Sai ga Baba ya shigo daga zaure, rediyonsa ma a can ya bar shi yana surutu shi kaɗai. Bai taɓa zuwa wajen murhun Iya ba. Ya dubi sama, ya dubi wutar, ya ce da ni, "Kai, tashi ka kwaso mini karan da ke bayan rumbu."

Na tashi da gudu. Gaskiya daɗi ma na ji, don a lokacin ba abin da nake so a duniya kamar babbar wuta. Na rungumo kara har ba na ganin gabana. Baba ya cusa. Wutar ta ce fuu, ta tashi ta lulluɓe duron har gefen buhunan.

Iya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maigida, gaya wa wancan wutar ta isa."

Tsakaninsu bai fi taku uku ba. Na juya na ce, "Baba, wai wutar ta isa."

"Ka ce mata ta dubi gabas."

"Iya, wai ki dubi gabas."

"Na duba tun kafin a haife shi."

Wannan ban isar ba. Ina son raina.

Baba ya sake tura ni. Wannan karon har tsohon turken da muke ɗaure akuya ya tumɓuke ya jefa. Ƙarar duron ta canza. Ƙur-ƙur ɗin nan mai daɗi ya koma kamar motar Kano tana hawan tudu da lodi. Tururi yana feshi ta kowane gefen buhu, fari fat, yana tashi sama ya ɓace.

A nan ne Iya ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Ku miƙo kunnuwa." Muryarta ta fi ta kullum ƙarfi. Rabi ce kaɗai ta amsa. Ni na tsaya rungume da kara, ƙafa ɗaya wajen Baba, ɗaya wajen tabarma.

Ta ce wai a da can Wuta da Ruwa maƙwabta ne, katanga ɗaya ta baƙin ƙarfe ce ta raba su. Wuta mai dukiya ce, dukiyarta kuwa zafi, kuma tana alfahari cewa duk wanda ta ba shi sai ya karɓa. Ta ba ƙarfe, ya karɓa har ya yi ja. Ta ba dutse, ya karɓa har ya tsage. Sai ta fara miƙa wa Ruwa ta kan katanga. Ruwa ya karɓa, ya yi ɗumi. Ya ƙara karɓa, ya yi zafi. Da ya kai inda ya fara rawa, sai ya ce, "Maƙwabciya, na gode, nan ne iyakata. Jikina ba ya ɗaukar fiye da haka."

Wuta ta ji haushi. Wane ne shi da zai ce ya ƙoshi? Ta ci kara, ta ci itace.

"Har turken akuya ta ci," in ji Iya, idonta a kan Rabi.

Na saci kallon Baba. Gumi yana bin gemunsa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ce mata hadari ba ya jin tatsuniya." Aka yi tsawa mai tsawo, kamar ana mirgina duwatsun Rano gaba ɗaya. Rabi ta cusa kanta a cinyar Iya.

Iya ta ci gaba. Wai duk abin da Wuta ta ƙara miƙowa, Ruwa ba ya sa shi a jikinsa. Sai ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura wa kowanne ƙunshin zafin a baya ya ce, "Tashi sama." Da nauyin ƙunshin nan suke samun fiffike. Wuta tana ƙara kyauta, 'ya'yan Ruwa suna ƙara tashi, shi kuwa yana nan yadda yake, bai ƙara zafi ko kaɗan ba, sai raguwa da yake yi.

"Ina suke kai ƙunshin?" in ji Rabi daga cikin zanin Iya.

"Duk wanda suka fara sauka a jikinsa, shi suke sauke wa. Ba sa tambayar ko ya nema."

Na lura da hannun Iya. Ta kama bakin zaninta tana murɗawa, tana murɗawa. Ban taɓa ganin ta yi haka ba.

"Rannan Wuta ta leƙa ta kan katanga don ta ga ko ya yi ja," in ji ta. Sai ta yi shiru.

Duron ma ya yi shiru. Motar Kano ta mutu a tsakiyar tudu. Tururin ya ragu, wani siririn hayaƙi mai launin toka ya maye gurbinsa. Sai ƙauri ya bugi hancina.

Baba ya yi salati a hankali. Ya fizgi bokitin ruwan da ke gefen randa, ya yaye buhunan, ya soka muciya ta gefen duron ya buɗa rami har ƙasa. Ya sunkuya, fuskarsa daidai bakin ramin, yana son ya ga inda zai zuba. Gindin duron nan kuwa ya daɗe a bushe a kan wutar da za ta iya gasa raƙumi. Ya karkata bokitin.

Iya ta dube ni. Na ga bakinta ya buɗe zai ce "Maigida". Amma kafin magana ta zo wajena ta juya ta isa wajensa, an gama.

"Haruna."

Ba ihu ta yi ba. Na san sunan, shi ne a bayan nawa a makaranta. Amma a bakin Iya sai na ji shi kamar sunan baƙo, har na kusa waiwayawa in ga wa ya shigo. Baba ya ɗago kai da sauri ya juyo wajenta kamar yaron da aka kama a rumbu. A daidai lokacin ruwan ya isa ƙasa. Duron ya yi wata irin ƙara, farin tururi ya harbo ta ramin, ya bi ta inda fuskarsa take yanzun nan, ya samu hannun da ke riƙe da bokitin.

Bokitin ya faɗi. Baba bai yi kuka ba, ya dai ja iska ta tsakanin haƙora ya durƙusa. Iya, wadda kullum sai ta yi bismillah uku kafin gwiwoyinta su yarda ta miƙe, ban ga lokacin da ta isa wurinsa ba. Ta kama hannun ta ja shi zuwa randa ta tsoma har gwiwar hannu. Randar shanmu ce, ba ta ko damu ba.

"Maigida, janye wutar nan. Duka."

Na janye. Na ƙone yatsa biyu, amma ba wanda ya tambaya, har yau. Ta riƙe hannun Baba a cikin ruwan, fuskarta a wajen katanga. Can ta ce, "Gaya wa wancan kada ya cire sai na ce." Na gaya masa. Ya ce, "Ka ce mata to."

Bana, a makarantarmu ta Rano, malamin kemistiri ya tsoma ma'aunin zafi a ruwan da ya ɗora a wuta. Layin ya yi ta hawa har kusa da ɗari, ruwan ya tafasa, layin ya tsaya. Ya ƙara wuta, ruwan ya haukace, layin bai motsa ba. Ya ce duk zafin da ake ƙarawa daga nan yana tafiya ne wajen raba ruwan ya zama tururi, tururin ya ɗauke shi a ɓoye, in ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa sai ya saki zafin nan gaba ɗaya. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni. 'Yan ajinmu suna ta rubutawa. Ni hannun Baba nake gani.

Da ina ganin Baba ne Wutar, shi ke nan, labari ya ƙare. Yanzu da nake bin sa fadama, na san wahalar da ke cikin duro ɗaya na shinkafa, ba na iya yi masa dariya sosai. Ina yi dai, amma kaɗan. Hadari na tahowa, abincin gidanka na kan wuta, ƙara itace shi ne kaɗai abin da hannu zai iya yi. Zama a kujera ana ba da tatsuniya ya fi wuya. Iya ma tsoron take ji, a bakin zaninta ta zuba shi.

Washegari aka kai Baba asibiti a Rano aka ɗaure masa hannun, tabon yana nan daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Shinkafar gindin duron ta zama gawayi, kaji ma sun shinshina sun wuce. Ta sama ba ta gama turaruwa ba, ta kakkarye a inji. Ta tsakiya ce ta tsira, ita muka yi ta ci da ƙaurinta har ta ƙare. Hadarin kuwa a Kibiya ya zubar da ruwansa. Ko ɗigo bai faɗo a gidanmu ba.